HANGEN TEKU BA SHIGA GIDA BA

Wannan makon sai kun yi mini afuwa, na ɗan jingine labarin da muke ciki, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga ni ma ina da nawa kason laifin a cikinta.

Laifin kuwa shi ne mu marubuta mun daɗe muna sayar muku da wani mafarki. Duk wanda ya saba karanta littattafanmu ya san yadda abin yake. Da zarar an ce saurayin labari hamshaƙin attajiri ne, to sai an ba shi gida a Ikko, a bakin teku, amarya ta yaye labulen taga da safe ta ga ruwa shuɗi iya ganinta, ga iska mai daɗi tana busowa, ga angonta ya shigo da kofin shayi. Ni kaina na rubuta irin wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, alhali a lokacin ko a ido ban taɓa ganin teku ba, sai dai a fim ɗin Indiya da jikin kalanda. Ban taɓa zaton abin zai biyo ni har gida ba.

Ƙanena da muke ciki ɗaya ya haura shekara 15 yana kasuwanci a Legas, yana haya a Agege a tsakiyar 'yan'uwa Hausawa. Da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa aka raba gado, sai ya haɗa kasonsa da ɗan abin da ya tara, ya ce shi kam ya gaji da zuba wa mai gida kuɗi duk shekara, zai mallaki nasa. Wani dillali ya ɗauke shi a mota cikin watan Janairu, lokacin da hazo kan sauka har Legas ƙasa ta bushe ƙayau, ya kai shi can gaba da Ajah, ya nuna masa fili shimfiɗe da farin yashi, ga bishiyoyin kwakwa, ga rugugin igiyar ruwa ana jiyowa daga nesa. Daga wurin ya bugo mini waya, murya har rawa take yi, ya ce, "Yaya, wallahi irin gidan da kike rubutawa zan gina." Na yi dariya na sa masa albarka. Ban tambaye shi komai ba, don ni ma ban san abin tambayar ba.

A watan Yulin 2024 na je ganin gida. Gani ya kori ji. Mai tasi ya sauke ni a bakin babban titi ya ce iyakarsa ke nan, ko nawa zan ba shi ba zai shiga layin ba. Na tattare hijabi, na riƙe takalmi a hannu, na keta ruwa har kusan gwiwa, ruwan da ban san abin da ke cikinsa ba. Da na shiga gida na tarar an ɗora firji a kan bulo, katifa a jingine da bango, ƙafafun gadon da iyayen matarsa suka yi mata duk sun kumbura sun fara ɓarewa. Bayan mun gaisa ta ba ni ruwa, sai ta dube ni tana murmushin da ya fi kuka ciwo, ta ce, "Yaya, ai a littafinki ba ki faɗa mana amarya tana tashi da asuba kwashe ruwa da bokiti ba." Wallahi na rasa bakin magana.

Tun daga ranar na shiga tambaya da bincike, kuma ga inda na tsaya. Duk wanda zai sayi gida ko fili a irin waɗannan sababbin unguwanni na bakin teku, ya sani akwai masu haƙƙi biyu da suka riga shi wurin, wato ruwa da hukuma. Ba ɗayansu da ke sa hannu a rasit ɗin dillali, kuma duk ranar da ɗaya ya zo karɓar nasa ba ya sallama. Wanda ya biya kuɗi bai san matsayin waɗannan biyun a kan filinsa ba, caca ya yi da dukiyarsa, ko da kuwa shi yana ganin ciniki ya yi.

Bari in fara da bayanin wurin, saboda waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Abin da ake kira Lekki wani dogon zirin ƙasa ne da ya tashi daga Victoria Island ya miƙa gabas har wajen Epe. Ta kudu tekun Atlantika ne, ta arewa kuma babban tafkin nan na Legas. A kan wannan zirin unguwanni suka jeru kamar carbi: Lekki Phase 1, Ikate, Jakande, Agungi, Ikota, Ajah, Sangotedo, Awoyaya, Lakowe, har Eleko da Ibeju. Kafin a fara wannan rububi, mafi yawan wurin fadama ce da daji da ƙauyukan masunta. Yawancin abin da ido ke gani yau kamar tudu, yashi ne aka yaso daga ƙarƙashin ruwa aka cike. Dillali kuwa duk inda ya kai ka, ko tafiyar awa biyu ce daga Phase 1, sunansa Lekki a bakinsa, don sunan kansa kuɗi ne.

To a irin wannan wuri ta fuska uku ruwa ke zuwa wa mutum. Na farko daga sama. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya kusa ninka na Kano, yakan yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Na biyu daga ƙasa. Mu a nan sai mai haƙar rijiya ya yi gaba da yawa kafin ya ga danshi, amma a can akwai inda lebura zai haƙa ramin harsashi bai kai ƙugu ba ruwa ya ɓuɓɓugo. Idan ƙasa ta riga ta ƙoshi, wanda ya zubo daga sama ba shi da wurin shiga. Sannan kwatocin unguwa duk tafki suke kai ruwansu, shi kuma tafkin yana haɗe da teku, idan teku ta yi toroƙo sai tafki ya cika, maimakon kwata ta fitar da ruwa sai ta dawo maka da shi har ƙofar ɗaki, haɗe da duk abin da ta kwaso.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi da idona a layin ƙanena. Duk wanda ya zo gini daga baya sai ya cike filinsa ya fi na maƙwabcinsa tudu, don ya ga abin da ya sami na gabansa. Na bayansa shi ma ya zo ya ɗara shi. Ruwa kuwa gangare yake bi, saboda haka wanda ya fara gini a layi, wanda a da ake yi wa kallon mai sa'a, shi ne gidansa ke zama kwarin da ruwan kowa ke taruwa. Idan gwamnati ta zo yin titi ita ma ta ɗaga shi, sai ka ga gida mai kyau amma sai an sauka matakala kafin a shiga. Wato ko filinka bai ci ruwa bana ba, ba ka da tabbas ɗin baɗi, domin maƙwabcin da zai tura maka ruwa bai zo ba tukuna.

Kada wani ya ce daminar 2024 ce ta zo da gardama. A watan Yulin 2011 an yi ruwan da ya ci rayuka a Legas. A watan Yulin 2017 kuwa Lekki da Ajah da Victoria Island suka cika maƙil, motoci masu tsada suka nutse a cikin gidaje, har aka ga mai tuƙa kwalekwale a kan titin Ahmadu Bello, jaridu kuma suka buga hoton kadan da aka kama a cikin unguwa. Ruwa bai tambayi kuɗin gidan kowa ba.

Fuska ta uku ita ce teku kanta, kuma labarinta tsoho ne. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka jera manyan katangun duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. To igiyar ruwa a wannan gaɓa daga yamma take kwaso yashi ta kai gabas. Da katangun suka tare shi, sai gefen gabas ya daina samun sabon yashi, teku ta shiga cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru, har ta riƙa hawowa kan titi. A watan Agustan 2012 ta yi wani yunƙuri cikin dare a gaɓar Kuramo ta tafi da mutane fiye da goma. An cike gaban Bar Beach an kafa sabon birnin Eko Atlantic, an yi masa katangar duwatsu da aka tsara tsawonta ya haura kilomita 8, to wannan ya kare masu kuɗin Victoria Island. Amma je ka Okun Alfa, inda ake kira Alpha Beach, ka ji daga bakin mutanen ƙauyen yadda teku ta cinye musu gidaje da hanya da bishiyoyin kwakwa. Da yawansu na zargin ruwan da aka tare a can ne ya karkato kansu. Ko ma mene ne dalili, mai sayen fili kusa da gaɓa ya sani iyakarsa ta kudu tafiya take yi.

Sannan ga tsadar da dillali ba ya faɗa. Fulotin Legas ƙafa 60 ne da 120, ya fi namu na 50 da 100 girma, shi ya sa idan Bakano ya ji farashin na can cikin lungu sai ya ga kamar tsintuwa ya yi. Araha ba ta ado. Kafin ka ɗora bulo ɗaya sai ka sayi tifa-tifa na yashi ka cike. Harsashin da muka saba yi a jar ƙasa ba ya aiki a can, sai an zuba faffaɗan kankare da rodi a duk faɗin gidan, wani wurin ma sai an kafa ginshiƙai sun nutsa can ƙasa. Ƙanena ya ce kuɗin da ya binne a ƙarƙashin ƙasa da a Kano ne da ya kai gini linta, ga shi a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000. Bayan ka tare kuma iskar nan mai daɗi da muke yabo a littafi gishiri ce take ɗauke da shi. Get, makaran taga, kwanon rufi, janareto, na'urar sanyaya ɗaki, har ƙasan mota, duk tsatsa take bi tana ci. Ruwan burtsatse a wurare da yawa ja-ja yake fitowa, da ƙarni, wani da ɗanɗanon gishiri, yana ɓata farin kaya da tayil ɗin banɗaki. Sai ka kafa na'urar tacewa ko ka riƙa sayen tanka. Ka ji ikon Allah, ruwa a gabanka, ruwa a bayanka, ruwa a tsakar gidanka, amma na sha sai ka saya.

Yanzu mu zo ga mai haƙƙi na biyu. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da kake samu izinin zama ne, yawanci na shekara 99, shi ne takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O. Idan mai wannan takarda ya sayar maka, cinikin bai kammala a idon doka ba sai an samu sahalewar gwamna. Wannan haka yake a ko'ina a Nijeriya. Abin da ya bambanta yankin Lekki shi ne gwamnatin Legas ta daɗe da ayyana manyan sassansa a matsayin ƙasar da ta karɓe. Daga baya takan yanki wani ɓangare ta mayar wa ƙauyukan asali, ta buga a gazet ɗin gwamnati. Abin da ke cikin wannan yanki da aka mayar, shi dangin ƙauye ke da ikon sayarwa. Abin da ke wajensa, ko sarkin ƙauyen ne ya sa maka hannu da kansa, filin gwamnati ka saya.

A nan aka kama ƙanena. Da ya nemi takarda sai aka ce masa ai maganar mayar da filin tana kan hanya, an riga an shigar da fayil, yau ko gobe za a buga. Aka ba shi rasit ɗin dangi mai tambari da taswirar safiyo, shi kuma da ya ga tambari hankalinsa ya kwanta. Sai da gini ya yi nisa wani lauya ya ce ya kai lambobin taswirar ofishin babban safiyon jiha a Alausa a duba masa. Aka duba, fili na cikin ƙasar gwamnati, kuma har ranar da nake wannan rubutu maganar tana nan "kan hanya". Binciken da zai yi da kuɗi kaɗan kafin ya biya, shi ya yi bayan ya zuba gadon ubansa. Ba a fafa gora ranar tafiya.

Ban ma yi maganar waɗanda ake kira omo-onile ba, wato 'ya'yan masu ƙasa da Yarbanci. Ka sayi fili ka biya, ranar da za ka haƙa harsashi samari su zo su ce sai an biya kuɗin harsashi. Ranar zuba dakin su dawo, ranar rufi su dawo, ranar kafa get su dawo. Wani lokaci wani reshe na dangin ne zai ɓullo ya ce waɗanda suka sayar maka ba da yawunsa suka yi ba, sai ka sake saye. Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa hannu a dokar kare kadarori a 2016, wadda ta haramta wannan ta kuma tanadi ɗauri, amma baƙon da ke tsaye shi kaɗai a cikin fili da leburorinsa, samari ashirin sun kewaye shi, yawanci biya yake yi a zauna lafiya.

Wanda yake ganin hukuma ba za ta iya rushe gini mai tsada ba, to bai san tarihin wurin ba. A watan Yulin 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, katafila ta share unguwar Maroko, mutane wajen 300,000 suka rasa matsuguni, a yau kuma wurin na cikin mafi tsada a Legas. Daga Nuwamban 2016 zuwa Afrilun 2017 aka tashi ƙauyen masunta na Otodo Gbame a gefen Lekki, ƙungiyar Amnesty ta ce mutane sama da 30,000 abin ya shafa, kuma a Yunin 2017 babbar kotun jihar ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Masu kuɗi suka ga kamar abin na talaka ne kawai. Sai ga shi a Oktoban 2023 rusau ya shiga Ikota, aka rushe manyan benaye da aka ce an gina su a kan magudanar ruwa. A 2024 aka fara babbar hanyar bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700, a watan Afrilu ta bi ta kan wani sashe na wurin shaƙatawa na Landmark, daga baya masu filaye a Okun Ajah, ciki har da mazauna ƙasashen waje da suka turo kuɗinsu, suka yi ta kuka. Ranar biyan diyya kuwa takarda ake tambaya, mai rasit ɗin dangi yana can ƙarshen layi.

Kuma mu da muke Musulmi akwai tambayar da ta wuce ta lauya. Wannan filin da ake nuna maka an share shi fes, su wa aka tasa daga kansa, kuma an biya su haƙƙinsu? Malamanmu sun sha jan kunne a kan cin ƙasar wani ko da taƙi ɗaya ce. Gidan da za ka yi salla a ciki, ka haifi 'ya'ya a ciki, ya kamata ka san asalinsa.

Sai kuma zaman kansa. Shekara da shekaru titi ɗaya tak ya ɗauki duk wannan zirin, wato titin Lekki zuwa Epe, ga motocin ma'aikata, ga tifofin yashi, ga tankoki. An ƙaddamar da sashen farko na sabuwar hanyar bakin teku a Mayun 2025, amma wanda gidansa ke can cikin lungu sai ya fara fitowa daga lungun tukuna. Ƙanena ƙarfe huɗu na dare yake tashi, sallar asuba a hanya, ya dawo yara sun yi barci. Tun Yunin 2022 aka hana acaɓa a ƙaramar hukumar Eti-Osa, wadda Lekki da Ajah ke cikinta. A Agege idan matarsa ta haihu kafin azahar gida ya cika, idan yaro ya yi zazzaɓi da dare akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ga Islamiyya a bayan layi. A sabuwar unguwa kowa ya ja get ɗinsa ya rufe. Ta ce mini ranar da aka yi mata rasuwa a gida ta wuni tana kuka ita kaɗai, ba wanda ya shigo ya ce mata sannu. Wannan ba a rubuta shi a takardar ciniki, amma yana cikin kuɗin gidan.

Na san wani zai ce, to ke Hajiya, duk waɗanda suka yi arziki da filayen Lekki fa? Gaskiya ne, ba zan take ta ba. Waɗanda suka sayi fili a Phase 1 tun ana yi musu dariya sun shiga daji, yau jikokinsu ma sun huta. A Janairun 2023 aka buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki, a watan Mayun shekarar aka ƙaddamar da matatar man Ɗangote a Ibeju-Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana. Inda irin waɗannan suka sauka dole jama'a su bi, dole ƙasa ta yi daraja. Akwai kuma rukunin gidaje da aka cike su yadda ya kamata, aka yi musu magudanai, takardunsu tsaf, mutane na zaune lafiya, sai dai kuɗin hidima da suke biya duk shekara ya isa hayar gida a wani garin. Ni ban ce kada kowa ya saya ba. Abin da na ce shi ne masu cin ribar nan su ne waɗanda suka sayi takarda mai kyau a wuri mai tudu, da kuɗin da za su iya mantawa da shi shekara goma. Labarinsu ake ba ka don ka saki naka, ba a ba ka labarin wanda ya sayar da gonar gado ya sayi fadama. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, matsalar ita ce a sayar maka da rariya a ce ƙwarya ce.

Don haka ga 'yar shawarata ga duk mai wannan niyya, musamman 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da ke Legas da masu turo kuɗi daga waje.

Da farko, kada ka je ganin fili da rani. Ka je a Yuni ko Yuli, washegarin ruwa mai ƙarfi, kuma ka je da ƙafarka ba a motar dillali ba. Zuwa da kai ya fi saƙo. In da hali ma ka kama haya a unguwar ka ci damina guda cur kafin ka ba da kafin alƙalami. Kuɗin hayar shekara ɗaya bai kai asarar gida ba.

Na biyu, ka karanta bango. Ruwa yakan bar sa hannunsa a jikin katanga, wani layi mai duhu ko kore, ka duba inda ya tsaya. Ka duba tudun da maƙwabta suka yi wa ƙofofinsu, ka bi kwatar layin da ƙafa ka ga inda ta ƙare, domin wata a bayan gida na uku ta tsaya.

Na uku, ka nemi mutanenmu. Kusan duk layin da ka shiga a yankin nan za ka sami ɗan Arewa maigadi, ko mai shayi, ko ɗan garuwa, ko mai kwana a kangon da ba a gama ba. Shi ya kwana a layin da damina, shi ya san gidan da ake kwashe ruwa, ya san filin da aka sayar wa mutum uku, ya san ginin da aka taɓa shafa wa jan fenti. Ka yi masa sallama, ka zauna a bencinsa, ka sha shayi. Abin da zai gaya maka a kyauta da harshenka, dillali ba zai faɗa maka ba ko ka ninka masa la'ada. Matambayi ba ya ɓata.

Na huɗu, ka ɗauki lauyanka da safiyonka, ba waɗanda mai sayarwa ya kawo ba. A je a auna filin a gabanka, a kai lambobin Alausa a tabbatar ba ya cikin ƙasar gwamnati, ba ya kan hanyar da aka tsara ko magudanar ruwa. Idan an ce akwai gazet, a ga lambarsa, a ga filin a cikinsa. Idan an ce akwai C of O, a bincika a ofishin filaye, sannan a nemi sahalewar gwamna bayan ciniki. Duk inda ka ji an ce takarda tana kan hanya, kai ma ka kama hanya.

Na biyar, kada ka sayar da tushenka don wannan. Gidan gado ko gonar da ke garinku ita ce wurin komawarka ranar da kasuwa ta juya ko tsufa ya zo. In ribar kasuwa ce ta yi yawa, bismilla. In kuwa abin da ka mallaka ke nan a duniya, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ƙanena yana nan a gidansa. Ya ƙara tudun ƙofa, ya sayi injin zuƙe ruwa, lauya na ta bin maganar takarda. Da na ce masa ya sayar ya dawo Agege, sai ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, in sayar wa wa? In ɓoye masa abin da aka ɓoye mini?" Wannan amsar ta sa na ji kunya, ta kuma sa na ƙara ganin girmansa. Duk sanda hadari ya haɗu a Legas matarsa takan turo mini saƙo in taya su addu'a, duk sanda suka ji ƙarar babbar mota a layi da sassafe sai gabansu ya faɗi. Ina roƙon masu karatu ku sa su a addu'a.

Ni kuma na ɗauki alkawari. Ba zan daina kai taurarin labarina Ikko ba, amma daga yau duk attajirin da na ba gida a bakin teku, sai na sa amaryarsa ta tambaye shi takardar filin, kuma sai na kai su watan Yuli. 'Yan'uwana marubuta, mu ji tsoron Allah a kan abin da muke ƙawata wa mutane, domin akwai mai karantawa ya ɗauka da gaske.

Allah ya ba kowa muhalli na halal mai albarka, ya tsare mu da sayen da-na-sani. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, ko yake da wani ilmi a kai da ya fi nawa, ƙofa a buɗe take, a ƙaru da juna. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.

Wassalam. Taku har kullum.